Sheƙin Rigar Babarbare

Aminina ne ya koya mini bambancin sheƙi da ƙyalli, tun kafin Nasara su shigo ƙasar Haɗejiya. Shekara ashirin muna bugun tufafin rini tare, gungume ɗaya a tsakaninmu, shi da gudumarsa, ni da tawa.

Ya kan ce, "Ƙyalli shi ne abin da ke kashe ido, irin na bayan kifi a rana. Sheƙi kuwa a kwance yake, kamar ruwan fadama bayan la'asar. Ba a shafa shi, bugo shi ake yi." In na yi ragwanci sai ya dungure ni, ya ce aikina ko makaho ba zai saya ba.

Wata damina wani falke Babarbare ya kawo mana riga kore, irin mai baƙin rinin nan, ya ce sheƙi yake so na gaske. Ana gobe za mu fara zazzaɓi ya kwantar da ni, aminina ya ce in huta, shi zai gama. Ranar da falken ya dawo ni na miƙa masa rigar. Ban ko warware ta ba, na rantse masa cewa bugu ne zalla.

Ashe ruwan ƙaro aminina ya shafa mata, ya ɗan taɓa ta da guduma. Falken na cikin kwalekwale a hanyar Guri, ruwa ya fantsamo masa, rigar ta yi danƙo, ta yi dabbare-dabbare. Ya juyo ya same mu a rumfa ranar kasuwa, ya ɗaga ta sama jama'a suna kallo.

"Wane ne ya yi wannan aiki?"

Na dubi aminina, ina jiran ya yi magana. Ya yi kuwa. Ya ce, "Malam, ni ɗan taya bugu ne. Ni ina na san wani sheƙi da ƙyalli? Ga gwanin nan, shi ya rantse maka."

Ha'incin bai ƙona mini rai kamar wannan magana ba. Har yau ban yafe ba, ba na kuma ɓoyewa. Marina suka daina aiko mini da kaya, shi ya koma Auyo da sunansa fes.

Shekaran jiya jikata ta tambaye ni mene ne sheƙi. Na buɗe baki, sai na ji maganarsa ce za ta fito, kalma bayan kalma. Ba ni da wata tawa. Na ce mata ta tambayi wani.