Ramin Yatsa a Ƙwaurina

A shekarun samun mulkin kai ni ɗan kokawa ne a Dutsin-Ma. Zuciya kam akwai ta, jiki ne babu, don siriri nake kamar karan dawa. Wani ƙato daga Kurfi ya kayar da ni kaka biyu a jere, har 'yan mata suka sa ni a waƙa.

Sai wani maharbi a Kutawa ya haɗa mini tsimin ƙarfi na saiwoyi da sassaƙe, ya ce ludayi ɗaya kowace safiya. Ni mai gaggawa na mai da shi uku. Kafin a yanke gero na cika fam: ƙafafu suka yi kauri, ciki ya fito, wando ya matse. Abokaina suka ce magani ya karɓe ni, ni kuwa har tafiyata ta sake.

Inna ce kaɗai ba ta yi murna ba.

"Wace irin ƙiba ce wagga da ba ta cin tuwo?" in ji ta. "Dubi idonka, ya koma garin ɗorawa."

Ta tasa ni gaba har ɗakin shan magani. Malamin asibitin, wani dattijo mai barkwanci, ya danna babban yatsansa a ƙwaurina, ya ɗaga, rami ya zauna. Ya ɗebi jinina a 'yar kwalba ya ajiye har ya kwanta. Ruwan da ya taso sama rawaya ne sosai.

"Samari, wannan ba tsoka ba ce, ruwa ne," ya ce. "Hanta ita ke yin abin da ke riƙe ruwa cikin jini. Taka ta gaji da tsimi, shi ya sa ruwan ya zurare ƙafa. In ka ci gaba, ba mutumin Kurfi zai kada ka ba, makara za ta ɗauke ka."

Na ji tsoro ƙwarai, na zubar da tsimin da hannuna. Kokawar shekarar a cikin 'yan kallo na yi ta, ina cizon yatsa. Inna ta ɗura mini wake da ƙwan zabi da nonon da matan Fulani ke kawowa daga Dabawa. Kowace safiya sai na miƙa mata ƙafa ta danna. Ina ta saɓewa, tana ta murna. Ranar da yatsanta bai bar rami ba, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo tambayar wa ya haihu.

Da kaka ta zagayo na je Kurfi da jikina na karan dawa. Ƙaton ya rungumo ni yana dariya, na sa masa ƙafa, sai ga shi a ƙasa. Daɗin da na ji ranar ban sake jin irinsa ba.

Aka rako ni gida da kiɗa. Inna ta fito zaure, ba ta ce mini barka ba tukuna. Ta durƙusa a gaban makaɗa da kowa, ta danna ƙwaurina, ta ɗaga yatsa ta duba.

"To," ta ce, "yanzu a buga."