Sista Saude, Mai Korar 'Yan Rakiya

Kafin rana ta ɗaga, Sista Saude ta riga ta zagaye ɗakin mata na asibitinmu a Tudun Wada. Ta duba ƙarin ruwan wannan, ta taɓa goshin waccan, ta yi wa masu jinya faɗan tura kwanuka ƙarƙashin gado. Daga nan sai ɗakin ganin marasa lafiya, inda ta yi suna da korar 'yan rakiya.

Mu nan ba a zuwa asibiti a kaɗaice. Mutum ɗaya ke ciwo, dangi su cika ɗaki, kowa da bayaninsa, mai ciwon kuwa ta sunkuyar da kai. Ni ma ta taɓa fitar da ni ranar da na kai yayata, ina tsaka da zuba kamar a jikina ciwon yake. Na ji haushi ƙwarai. Yanzu da za ta yi ritaya a wata mai kamawa, na zo in jinjina wa wannan kora tata.

Akwai Ramla, matar wani makiyayi daga wata ruga a bayan Riruwai, wadda ba ta daɗe da aure ba. Surukinta Baffa Idris da uwar mijinta suka kawo ta, suka ce ciwon ciki ne, an ba ta jiƙo bai yi ba. Duk wanda ya tambaye ta jiki sai ta ce da sauƙi, alhali gumi ya jiƙe mata mayafi.

Saude ta kama hannunta, ta ji ya yi sanyi.

"Baffa, a yi haƙuri, ku ɗan jira mu a waje, kai da Inna."

"Ni na kawo ta, ni zan ji," in ji tsohon.

"Allah ya ƙara girma, za ka ji abin da ta yarda ka ji. Bismillah."

Ta rufe ƙofa, ta zauna a bakin gado, ta yi ta lallaɓa ta da guntun Fulatancinta. A nan Ramla ta faɗa a hankali cewa ta yi ɓatan wata, tana ganin jini kaɗan-kaɗan, ciwon kuma har kafaɗa. Cikin fari ne, kuma ko za a yanka ta ba za ta ambace shi gaban surukai ba.

Nan take Saude ta kira Dakta Nazifi. Hoto ya nuna cikin ya zauna a wajen mahaifa, ya fashe, jini na taruwa a ciki. Saude ta yi wa Ramla bayani ita kanta, ta nemi yardarta kafin tiyata, ta kuma tambaye ta wa za a sanar. Ta ce Inna kaɗai. Likitan ya ce da a ce maganin ciwon ciki aka ba ta aka sallame ta, da ba ta kai gida ba.

Bayan an fito da ita, Baffa ya tare Saude a baranda.

"To, me ta gaya miki?"

"Baffa, tana raye. Sauran nata ne."

Sista, ke ce mai rufe ƙofa don a buɗe baki. Ke ce kika sha zagin manya da hararar mazaje, ba ki taɓa sayar da sirrin mara lafiya don a ji daɗinki ba. Ko ni da na je neman wannan labari, cewa kika yi, "Wace Ramla? Mata da yawa sun bi ta hannuna." Sai a kasuwar Doguwa na same shi daga bakin mai shi, tana sayar da nono da goyo a bayanta, ta kuma yarje mini in rubuta.

Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki huta lafiya. Ku matasan ma'aikata, ku koyi tambayar mai ciwo ita kaɗai, ku riƙe amanar abin da kuka ji. Mu kuma masu rakiya, in an ce mu fita, mu fita.

Ramla ta ba ni saƙo, don ta ce kunya ba za ta bar ta ta faɗa miki ido da ido ba. Ta ce da kin bar su a ɗakin nan, da haka za ta yi shiru har a ɗauke ta a makara.