Kawu Iliya a Ajin Lauyoyi

Duk wanda ya zauna da Kawu Iliya ya san ba ya karɓar magana haka kawai. Ko ce masa ka yi shayinsa ya huce, sai ya leƙo ka ta saman tabarau ya tambaye ka a wane sashe na doka ka gani. Ya daɗe a ofishin ma'aikata na wani kamfanin jimar fata a Challawa, da tsohon digirinsa na lauya da bai taɓa shiga kotu da shi ba. Yana dab da ritaya ya ce zai koma jami'a yin digiri na biyu, ya yi rubutu a kan leburorin da inji ke cinye wa yatsu. Ni ɗan ƙanwarsa ne, a firamare na tsaya, kuma a adaidaita sahuna nake kai shi. Fargabata ɗaya ce: kada ciwon sukarinsa ya kayar da shi wa'adin karatun ya wuce, don an ce in ya wuce shi ke nan.

'Yan ajinsu duk sa'o'in 'ya'yansa ne, matasan lauyoyi da 'yan sanda da ma'aikatan kotu, mata ma sun fi yawa. Ranar farko ina leƙe ta taga, malamin ya shigo, matashi ne ko furfura babu. Kawu ya durƙusa ya gaishe shi. Shi kuma da ya ga dattijo a ƙasa, sai ya durƙusa shi ma.

"Baba, don Allah ku tashi."

"Ɗalibi ba ya riga malaminsa tashi."

Haka suka yi ta yi har gwiwar Kawu ta sage, sai da 'yan sandan ajin suka ɗaga shi.

Daga kamfani yake zarcewa aji, ga warin fata a jikinsa. Abin ya hana ni sukuni, na sayo masa turare. Ya ce benci guda aka bar masa shi kaɗai, in ya fesa wannan abin a ina zai baje littattafansa?

Ranar da zai kare rubutunsa gaban malamai, yana kwance a asibiti. Likita ya hana shi fita, ni ma na hana. Ya ce in ban kai shi ba zai tari ɗan acaɓa, kuma alhakin a wuyana. Na ɗauko shi da allurar ƙarin ruwa a bayan hannu, ina kaucewa manyan motoci ina salati, shi kuwa yana faɗa wai ina tafiya kamar na ɗauko ƙwai. Da ya fito na tambaye shi yaya aka yi. Ya ce ya ci, amma sun ba shi gyara, su da ba su taɓa ganin injin fata ba.

A gadon asibiti ya yi gyaran, 'yan ajinsu na zuwa bi da bi suna buga masa a kwamfuta. Sakamako ya fito yana da rai, na karanta masa a hankali don kada na yi kuskure. Ya ce in sake, na sake. Bikin yaye su ne bai gani ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Iliya, Ya haskaka makwancinsa, Ya karɓi wahalar da ya sha. Amin.