Lawali na Jiga Makera, Idon Hagun Almu

Duk wanda ya saba bin bayan kasuwar albasa ta Aliero da hantsi ya san Lawali. Zai tarar da shi a ƙofar tsohon sito, ya ɗora buta a kan gawayi, yana kanga ƙwallayen gashi ga tururi ɗaya bayan ɗaya don kada gashin ya bushe ya karye. In ya gama sai ya ɗauki tsintsiya ya share ɓawon albasa, domin ɓawo guda ya isa ya kayar da ƙato. Sannan ya ɗaura raga. Haka yake tun muna cikin jihar Sakkwato, haka yake har watan jiya da gwiwa ta ce masa ya isa.

Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa. Amma na tuƙa babbar mota daga Aliero zuwa Kurmi, can kudu, tun hanya ba kwalta, na kife a rafi na fito da ƙafata, 'yan fashi sun tare ni sun gaji sun bar ni. Na ga maza iri-iri, kuma ba kowa nake yabawa ba. Wannan kam zan yabe shi.

Wasan nasu sunansa badminton, mu dai ƙwallon gashi muke ce masa. Iska kaɗan takan karkatar da ƙwallon, shi ya sa suka nemi aron siton albasa. Biyu-biyu suke yi: Lawali da abokin wasansa Almu, mutumin Katanga, wanda ya ɗan girme shi. Mahautan kasuwa kan tsaya a ƙofa suna dariya, "Ga gardawa nan suna bin gashin agwagwa." Da aka yanke mana jihar Kebbi aka ɗauke su aiki su riƙa buga wa jiha wasa, sai mahautan suka koma cewa ai tun da can sun san yaran nan za su yi nisa. A kan buhunan albasa na sha kai su tasha, ban taɓa barin wani direba ya ɗauke su ba.

Ana cikin haka, wata rana a wurin atisaye, ƙwallo ta sami Almu a idon hagu. Aka yi asibiti, aka yi na gida, ido dai ya tafi. Mai ido guda ba ya gane nisan abu sosai, kuma duk abin da ya taho ta hagu sai ya iso yake ganinsa. Sai aka aiko wani jami'i ya ce za a yi wasan gwaji a Jega. In Almu ya gaza, za a sallame shi, a haɗa Lawali da Bashar, wani bahago ɗan Sarandosa mai zafin hannu. Almu kuwa da aikin nan yake riƙe da matarsa Tabawa da 'ya'yansu, gonarsa ma tuni ya bar wa ƙannensa.

Jami'in ya ja Lawali gefe ya ce masa in ya haɗu da Bashar zai kai inda bai taɓa zato ba. Kuma gaskiya ya faɗa. Lawali ya ce a bari a yi gwajin tukuna.

A wasan biyu-biyu akwai kalma biyu. In ƙwallo ta taho tsakani, wanda zai buga ya ce "tawa", in zai bar wa abokinsa ya ce "taka". To, ranar gwaji a babban ɗakin taro na Jega, Bashar da wani suna wancan gefe, ina zaune a gaba-gaba, ba abin da nake ji daga bakin Lawali sai "tawa". Ta taho hagu, tawa. Ta taho tsakiya, tawa. Har wadda ta faɗi a gaban ƙafar Almu, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Tawa ta," don laifin ya koma kansa. Ya yi ta tsalle kamar wanda kunama ta harba, Almu yana tsaye da raket, abin bugun, kamar mai gadi. Aka cinye su zagayen farko.

Da suka fito shan ruwa Almu ya ƙi karɓar buta.

"Kai Lawali, mi kaka yi haka?"

"Wasa nika yi, Yaya."

"Wasa kaka yi, ko jinya? Ido na rasa, ban rasa hannu ba. In haka za ka riƙe min aiki, gara su kore ni in tahi gida da mutuncina."

Lawali ya sunkuyar da kai. Ya ce, "To mi kaka so?"

"Hwaɗa min in ta taho. Ka ga abin da ban gani ba, ni in buga."

Suka koma. Almu ya tsaya kusa da raga inda nisa ba ya ruɗinsa, Lawali ya koma baya yana ganin fili duka. Duk wadda ta nufo hagu, tun tana sama zai ce "taka", Almu ya juya ya tare. Wasu suka wuce shi, wasu ya kashe su nan take. Suka rama zagaye na biyu da ƙyar. A na ƙarshe, saura maki guda, Bashar ya auna makahon gefen nan ya sako ta da gangan. Na rantse Lawali yana iya kai mata, taku biyu ne. Na ga ƙafarsa ta motsa, sai ya dake.

"Taka."

Almu ya juya ya danna ta ƙasa a gaban Bashar. Jami'in ya ce a bar su tare.

Daga nan suka yi shekaru suna yawo da sunan Kebbi. Sun ci wasu, an ci su wasu. Kofin da suka ciwo a gasar shiyya ni na ɗauko shi a gaban mota, ina busa ham tun daga gadar Jega har Aliero. Wasan ƙasar waje kuwa Bashar ne ya je da wani, Lawali bai je ba, kuma ban taɓa jin ya ambata ba. Da Tabawa ta zo yi masa godiya cewa ya yi, "Mijinki ne ya buga, ni baki kawai na sa."

Lawali, kai ne bangon baya, mai gani ya bar wa wani bugu. Ɗauke wa mutum kaya kowa ya iya in yana da ƙarfi. Kai ka iya abin da ya fi wuya, ka ga kana iya kaiwa, ka tsaya don ɗan'uwanka ya kai da kansa. Ba a sa ka a rediyo ba, to ga shi ni na sa ka a takarda, kuma bakina ba ƙarami ba ne a garin nan.

Mun gode. Allah ya huce gwiwa, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ku kuma masu abokan aiki, a gona ne, a mahauta ne ko a tasha, in naku ya samu rauni kada ku yar da shi, kada kuma ku mayar da shi ɗan kallo. Almu har yau yana bakin aikinsa, shi ke horar da 'yan wasan Maiyama, kuma 'ya'yansa ba su taɓa kwana da yunwa ba.