Liyarin Tsohuwar Ibeto

Shekara ashirin da bakwai na yi ina kula da ɗakin tsofaffin kuɗi a wani ƙaramin gidan tarihi a Kontagora. Abin da na karanta ke nan, ban kuma taɓa nadama ba, sai dai aiki ne na mutum ɗaya. Matata ta rasu da wuri, yara kuma karatu ya kai su nesa. Da safe in buɗe taga, in goge gilashi, in ɗauki anini da ɗari, wato rabin kwabo, da kwabo mai huda ɗaya bayan ɗaya, in duba ko sun fara yin kore. Sati kan wuce ba wanda ya leƙo.

Wata rana da damina sai ga wata tsohuwa Bakambara daga Ibeto, ta shigo tana dogara sanda. Ta kwance bakin zanenta ta fito da liyari, irin babban kuɗin azurfar nan na fataken da, duk rubutunsa ya shafe.

"Kakata ta rataya shi, uwata ta rataya shi," in ji ta da Hausarta mai nauyi. "Jikokina maƙeri za su kai wa ya narkar."

Na ce, "Inna, ai ba ma saye."

"Wa ya ce ka saya, ɗana? Ajiye mini."

Na ba shi wuri a akwatin tsakiya. Daga nan duk sanda ta kawo dawa kasuwa sai ta biyo, ta gaishe ni, ta zauna a benci tana kallonsa. Ita ta koya mini yadda mata ke wanke azurfa da tsamiya da toka, da yadda ake jera anini a kitson amarya, abin da ban gani a littafi ko ɗaya ba. Ranar da nake sa ran zuwanta nakan sayo ƙosai na mutum biyu.

Bayan kaka ta uku ta daina zuwa. Na jira wata biyu, sannan na hau acaɓa zuwa Ibeto. Wani jikanta ya ce ai an yi arba'in da binne ta. Ba wanda ya san tana zuwa wurina, balle a aiko mini. Na yi musu ta'aziyya, na ba su labarin liyarin. Suka ce in bar shi inda ta sa.

Na dawo kafin La'asar, na zauna na rubuta wa liyarin kati da hannuna: daga Ibeto, ajiyar mata uku. Shekara huɗu bayan haka na yi ritaya, na miƙa makulli.