Turaren Auren Yagana

Ni ban yi lakwal ba, wato boko. Abin da na sani a bakin murhun Kaka Fanna na same shi, cikin Birnin Damagaram. Bayan isha'i takan tura kara a wuta, mu jikoki mu matso. A unguwarmu ita ke haɗa wa amare turaren wuta.

Shekarar fari, gero ya cinye kuɗin sandal. Sai ta koma ga zaiti, baƙon itacen nan da aka daddasa har ya mamaye bakin tafki. Akwai guda a hanyar Mirriya da ta sani tun da, ganyensa mai sanyin ƙamshi. Da shi ta cika turaren auren yayata Yagana.

Ranar kai amarya aka zuba a kasko. Hayaƙi na tashi, ɗaki ya ɗauki warin man zafi. Gwaggon ango ta toshe hanci da mayafi.

"Barebari, amarya kuka kawo mana ko mai mura?"

Mata suka kwashe da dariya. Ni ke riƙe da kaskon, na rasa inda zan sa fuskata.

Washegari muka zauna bakin wuta. Can Kaka ta ce, "Ku matso, ga wata tatsuniya nan ta zo muku."

Wai wata baƙuwar bishiya ce ta sauka a gari da 'ya'yanta mata. Ta aurar da ɗaya bakin tafki, ɗaya kan tudu. Da ta je ganin gida ta shinshina su, ba mai ƙamshin 'yar'uwarta. Ta tudu har hawaye ta sa ta. Uwar ta ce, "Ke ba 'yata ba ce." 'Yar ta ce, "Inna, ni ce. Ƙishirwa ce ta dafa ni."

"Daga nan fa, Kaka?"

"Daga nan ku je ku kwanta."

Ba ta ƙara haɗa wa kowa turare ba har ta rasu.

Sai da na tsufa a sana'ar turaren na gane. Itacen bai sake wuri ba, fari ne ya ƙara wa man ganyensa zafi. Kaka kuma hayaƙi ya riga ya kashe mata hanci, ba ta gaya wa kowa ba. Shi ya sa kowane ganye sai na murza, na miƙa wa jikata ita ma ta shinshina, ko tana ƙunƙuni. Amma har yau in na ji warin man zafi, sai kaskon nan ya yi mini nauyi a hannu.