Dutse Ɗaya Kafin Ka Wuce

Bana shekara biyar ke nan da rasuwar kakana, Malam Iro na Yasore, kuma har yau abokaina ba su daina kirana Direban Jirgi ba. Ni na jawo wa kaina. Ina ƙaramin ɗan firamare na ga Kaka yana tara duwatsu a bakin kwarin da ya raba mu da hanyar Batsari. Na tambaye shi na mene ne, ya ce, "Irinsu ake zubawa a ƙarƙashin layin dogo." Washegari na shelanta wa makaranta kaf cewa jirgin ƙasa zai zo garinmu, har na raba kujeru. Wanda ya hana ni ƙuli-ƙuli na ce a tsaye zai tafi.

Ashe mashigi yake ginawa. Kwarin nan in ya cika da damina, ko aljani sai ya zagaya ta Safana. Mara lafiya kuwa sai dai ya jira ruwa ya janye. Kaka ya ɗaura igiya ya tare hanya ranar kasuwa, ya ce ba ya karɓar ko kwabo: mai ƙafa dutse ɗaya, mai babur biyu.

Sale mahauci ya taka birki yana huci. "Baba Iro, yanzu hanyar Allah ma sai an biya?"

"Hanya kyauta ce, ɗana, ramin ne mai ci. Sauka ka ɗauko. Ba wannan mai kama da goriba ba, na gaske!"

Kwanan nan rediyo ke ta maganar a kafa shingen karɓar kuɗi a manyan tituna, a ɗan ƙara kuɗin mota, don a shimfiɗa wa masu zirga-zirgar birni layin dogo. Majalisar ƙofar gidanmu ta kusa tashi sama don musu. Ni dai na san da Kaka yana raye ba zai ƙi ba. Sai dai zai tambaya, "Ina tulin duwatsun?" Domin shi duk wanda ya yi masa ƙorafi, hannunsa yake kamawa ya kai shi ya ga inda dutsensa ya zauna. Sale ma daga baya har baƙi yake nuna wa nasa, wai shi ne ya riƙe mashigin duka.

Allah ya jiƙan Kaka. Jirgi bai zo Yasore ba, waɗanda na raba wa kujeru suna nan suna bina da tsiya. Amma a daminar bara, motar da ta kai innata asibitin Batsari tana naƙudar autarmu, ta kan duwatsun nan ta wuce.